Yajin gahawa na gashin nama: daga turmi zuwa garwashi

Wanda ya saba da yajin tsire, da an ce masa ana zuba gahawa a yajin gashi, tambayar da zai fara yi ita ce ko naman zai fito da ɗanɗanon abin sha. Ba ya fitowa haka. Idan haɗin ya yi daidai, mai ci ba zai ma gane akwai gahawa a ciki ba. Abin da zai ji shi ne ɓawo mai duhu a bayan naman, da wani ɗan ɗaci mai daɗi irin na ƙanzo, wanda ke danne maiƙon kitse ya fito da ɗanɗanon naman kansa. Masu gashin nama a Amurka ne suka yi suna da wannan haɗi. A jihar Teksas, inda ake gasa ƙirjin sa a hayaƙi na awa 10 ko fiye, gishiri da masoro ne tushen yajinsu, wasu kuma suna ƙara garin gahawa da jan sukari da busasshen barkono mai zaƙi. Ni da kayan kasuwarmu na haɗa nawa, a kan gawayi kuma na gasa.

Abu ɗaya na riƙe tun daga turmi har zuwa sauke nama: gahawa ta riga ta sha wuta sau ɗaya. Kafin ta zo hannunka an soya ƙwayarta a zafin da ya kai digiri 200 na ma'aunin Salshiyos ko ya wuce. Saura kaɗan ta zama gawayi. Wutar gashi ita ce wuta ta biyu, kuma kusan duk matsalar da ake samu da wannan yaji daga mantawa da hakan take tasowa.

Na fara da zaɓen gahawar. Iri biyu ne suka cika kasuwar duniya, arabika da robusta. Arabika, wadda asalinta daga tsaunukan Habasha ne kuma ake nomanta a tudun Mambila a jihar Taraba, ta fi ƙamshi da sauƙin ɗaci. Robusta ta fi ɗaci, sinadarin kafin mai hana barci da ke cikinta kuma ya kusa ninka na arabika. Arabika na ɗauka, mai suya tsaka-tsaki, launinta ruwan ƙasa mai duhu, ba baƙa wuluk ba. Ƙwayar da ta yi baƙi har tana sheƙin mai an kai ta ƙarshe, wutar gashi za ta ƙarasa ta ne kawai. Wadda kuma ba ta soyu sosai ba tana da tsami, tsamin nan ba ya tafiya da nama.

Gahawar gwangwani ko ta ƙaramar leda irin wadda mai shayi ke kaɗawa wani abu ne daban. Ita an riga an dafa ta an busar da ruwanta. Da ta taɓa danshin nama sai ta narke ta zama baƙin ruwa mai danƙo, ba ta yin ɓawo, a cikin kwalba kuma tana jan danshi ta dunƙule yajin gaba ɗaya. In ita kaɗai ke akwai, a rage ta zuwa kashi ɗaya cikin uku na ma'aunin da zan faɗa, a yi amfani da yajin a ranar. Wadda aka haɗa da madara da sukari kuwa kada ma a kusanto da ita.

Niƙa shi ne wurin da na fi daɗewa. Na daka ƙwayar a turmi, na tankaɗe da rariya mai laushi, na mayar da tsakin cikin turmi, sau uku ina yin haka. Laushin da nake nema shi ne na gishirin leda: in ka murza tsakanin yatsa biyu za ka ji ɗan kaushi, amma ba ka jin ƙwaya. Gahawa ba ta narkewa a jikin nama kamar gishiri da sukari, yadda ka zuba ta haka za ta isa bakin mai ci. Shi ya sa in niƙan ya yi tsaki sai mutum ya ji kamar yashi a haƙori. Turmin ma sai an duba shi. Itace yana riƙe wari, gahawa kuma tana kwasar duk warin da ta tarar. Turmin da aka daka daddawa jiya zai ba ka gahawa mai warin daddawa. Na wanke nawa da ruwan zafi, na shanya shi ya bushe ƙayau, sannan na daka ɗan gishiri a ciki na zubar kafin in sa gahawar.

Ga abin da na auna, da babban cokali a shafe, ba a tula ba. Garin gahawa cokali 4, wajen giram 20 ke nan. Gishiri mai laushi cokali 2, giram 36. Mazarƙwaila cokali 2, giram 25. Garin busasshen tattasai cokali 3. Garin tafarnuwa cokali 1, masoro cokali 1. Sai da ƙaramin cokali: citta 2, barkono 1 ko 2 gwargwadon yadda mutanen gida ke jure yaji. Kanunfari ƙwara 4, kimba guda ɗaya. Duka ya tashi wajen giram 125, wanda zai ishi nama kilo uku da rabi.

Gishirin ne ma'aunin komai. Nama yana son gishiri kusan giram 10 a kowane kilo, saboda haka babban cokali 4 na wannan yaji shi ne rabon kilo ɗaya. Mai son ƙarin ƙamshi ba zai samu ta hanyar tula yajin ba, gishiri ne zai yi masa yawa. Sai dai ya rage gishirin tun a wurin haɗi. Haka nan wanda ba ya jin daɗin nama sai da dunƙule: ya murje biyu a ciki, amma ya cire rabin cokalin gishiri, domin dunƙule kansa gishiri ne ya fi yawa a cikinsa.

Mazarƙwaila ta fi farin sukari dacewa nesa ba kusa ba, saboda ɗanɗanon rake da ke cikinta yana tafiya da gahawa. Matsalarta danshi. Na goga ta a abin goga kuɓewa, na baza a faranti a rana na awa biyu, sannan na daka ta tare da gishirin. Gishirin yana hana ta manne wa taɓarya. In aka zuba ta da danshinta, kafin kwana uku yajin ya zama curi. Aikin zaƙin nan biyu ne: yana tare ɗacin gahawa, kuma yana taimakawa wajen yin ɓawo. Amma shi ne abu na biyu da ke saurin ƙonewa, domin sukari yana fara narkewa ya yi ja a wajen digiri 160, kaɗan sama da haka kuma ya koma baƙi mai ɗaci. Don haka ban bar shi ya wuce cokali 2 ba.

Tattasan na saya busasshe, na cire hancinsa da 'ya'yansa, na yar da duk wanda na ga fari-fari ko baƙin tabo a cikinsa, domin fumfuna ce. Na ƙara masa rana ta awa ɗaya har ya riƙa karyewa ƙaras, sannan na daka. Tattasan da bai bushe sosai ba ba ya dakuwa, lanƙwashewa yake yi a gindin turmi. Shi ne ke ba yajin jiki da launi. Ba tare da shi ba naman zai fito baƙi ƙirin, ba ka iya bambance ɓawo da ƙuna.

Masoro da kanunfari da kimba na ɗan gasa su a busasshen kasko, wuta kaɗan, minti biyu, ina girgizawa har ƙamshi ya tashi. Kimbar na fasa na zubar da 'ya'yan, domin ɗaci gare su, kuma ɗacin gahawa ya isa. Masoro iri biyu ake samu a wurin 'yan koli. Akwai namu mai ɗan wutsiya, akwai na waje mai kauri wanda ba shi da ita. Namun ya fi ƙarfin ƙamshi da ɗan ɗaci, in shi za a sa rabin cokali ya wadatar. Kanunfari kuwa ƙwara huɗun nan kada a wuce su. Yana da danniya, ƙwara goma za su binne gahawar da duk abin da ke tare da ita. Garin tafarnuwa da na tattasai ba a gasa su, nan take suke ƙonewa. Ɗanyar tafarnuwa ma ba ta shiga busasshen yaji, tana jiƙa shi, a kan wuta kuma ita ke fara baƙi.

Na haɗa duka a kwano, na murje da hannu, na sake tankaɗewa sau ɗaya domin komai ya gauraya. Launinsa ya fito kamar jar ƙasa bayan an yi ruwa. Na lasa: gishiri ne ya fara zuwa, sai zaƙi, sai yaji, ɗacin gahawar a ƙarshe. In ɗacin ne ya fara zuwa, gahawar ta yi yawa ko ta soyu fiye da kima, sai a ƙara tattasai da mazarƙwaila. Amma lasa ba ta isa gwaji ba. Na yanki nama kamar girman yatsa, na barbaɗa, na soya a kasko na ci, domin wuta tana sauya yajin nan ƙwarai.

Sai nama. A nan ne wannan yaji ya rabu da na tsire. Tsire yankansa siriri ne, yana gasuwa da sauri, kuma ƙuli-ƙulin da ke jikinsa yana ɗauke da mai. Yajin gahawa nama mai kauri yake so, mai ɗan kitse, wanda zai daɗe a wuta marar ƙarfi. A siririn yanka yajin ya fi naman yawa, sai ɗaci ya rinjaya. Na sa mahauci ya yanka mini tsokar sa kilo ɗaya, kauri santimita 3, wato kamar yatsa biyu a haɗe, da haƙarƙarin rago da cinyoyin kaza. Tozo ma yana karɓar wannan yaji sosai saboda kitsen da ya ratsa shi. Ƙirjin kaza ba ya so, ba shi da maiƙon da zai tare ɗacin.

Na tsane naman da tsumma mai tsabta har ya daina sheƙin ruwa. Jiƙaƙƙen nama ba ya gasuwa, turara yake yi, yajin kuma ya koma taɓo ya zube. Na shafa man gyaɗa ƙaramin cokali biyu a kilo, daidai abin da zai sa yaji ya kama. Yajin da zan yi amfani da shi na zuba a wani faranti daban na rufe kwalbar, domin hannun da ya taɓa ɗanyen nama bai kamata ya koma cikin kwalba ba, abin da ya rage a farantin kuma zubarwa ake yi. Na barbaɗa daga sama, tazarar kamu ɗaya, domin ya bazu daidai, sannan na danna da tafin hannu. Dannawa ake yi, ba gogawa ba. In ka goga sai ya tattaru wuri ɗaya, wani wurin ya zama fili.

Bayan minti goma naman ya fara zufa, yajin ya yi duhu ya jiƙe. Gishiri ne ke janyo ruwa. Wannan ne mafi munin lokacin ɗora shi a wuta. Ko dai a gasa nan take da an barbaɗa, ko a jira aƙalla minti 45 zuwa awa ɗaya, lokacin da naman zai shanye ruwan gishirin ya koma ciki, bayansa ya sake kamewa. Na sa nawa a firiji a buɗe. Tsokar da kazar awa biyu suka yi, haƙarƙarin kuwa ya kwana. Inda babu firiji kuma ana zafin da ya haura digiri 32, kada ɗanyen nama ya wuce awa ɗaya a waje, a barbaɗa a gasa kawai. Ana yawan cewa gahawa tana tausasa nama. Ban ga haka ba, kuma busasshen gari da ke zaune a bayan nama ba shi da hanyar shiga ciki. Gishiri ne ke shiga. Laushi daga irin yankan da haƙurin wuta yake zuwa.

Na hura gawayi na jira harshen wuta ya mutu, farin toka ya lulluɓe garwashin, wajen minti 25. Sai na ture garwashin duka gefe ɗaya, ɗaya gefen na bar shi babu komai. Da tafin hannu nake auna zafi, ina riƙe shi kamar santimita 12 sama da raga. In na janye kafin in ƙirga uku, wutar ta yi wa wannan yaji ƙarfi. Wurin da zan iya ƙirga biyar ko shida shi ne daidai. Na gwada da yanka ɗaya a tsakiyar garwashi mai zafin gaske domin a ga bambanci: cikin minti biyu bayansa ya yi baƙi, hayaƙin ya tashi da ƙauri mai shaƙe maƙogwaro, da na yanka cikinsa ja ne jawur, ɗanɗanonsa kuwa toka. Irin wannan ba ya gyaruwa, sai dai a kankare bayan da wuƙa.

Sauran tsokar na fara ta a gefen da babu garwashi, na kifa babban kwanon ƙarfe a kai domin zafi ya zagaya, ina juyawa duk minti biyar. Bayan kamar minti 20 ta ɗauki zafi har ciki, bayanta ya bushe. Sannan na matsar da ita kan garwashi, minti ɗaya da rabi kowane gefe. A nan ɓawon ke samuwa. Daga wajen digiri 140 sinadaran furotin da sukari da ke bayan nama suna haɗuwa su ba da launin ruwan ƙasa da ƙamshin gashi, abin da masana ke kira da sunan Louis-Camille Maillard, Bafaranshen da ya bayyana shi a 1912. Irin wannan sauyi ne ya ba gahawa ƙamshinta lokacin da aka soya ta, shi ya sa ita da gasasshen nama suke jituwa.

Wahalar ita ce ido ba ya taimaka maka. Yajin tun yana ɗanye duhu gare shi, ba za ka gane ƙuna da launi ba. Hanci ne ma'auni. Muddin ƙamshin yana kama da na gyaɗa a kasko, lafiya lau. Da ya fara juyawa zuwa ƙauri, a ɗauke. In kitse ya ɗiga wuta ta tashi, a janye naman gefe har ta lafa, kada a watsa ruwa, toka ce za ta tashi ta manne a ɓawon. Kada kuma a yi saurin juyawa: naman da ya manne wa raga bai shirya ba ne, in ka fizge shi ɓawon zai tsaya a ƙarfe. Mai ma'aunin zafin nama ya soka a tsakiya: tsokar sa ko ta rago digiri 63 sannan ta huta minti uku, kaza digiri 74. Wanda ba shi da shi ya tsaga cinyar kazar kusa da ƙashi, ruwan da zai fito ya zama garau babu ja. Cinyoyin sun ci minti 40, kusan duka a gefen da babu garwashi. Haƙarƙarin ya yi awa biyu ina ƙara gawayi kaɗan-kaɗan, har naman ya ja baya daga bakin ƙashi.

Kayan lambu ba su da kitsen da zai tare ɗaci, saboda haka rabin ma'aunin nama suke so, cokali 2 a kilo, da mai fiye da na nama. Masu zaƙi ne suka fi karɓarsa. Dankalin Hausa na yanka shi tsaye, na tafasa minti 8, na tsane, na juya shi a man gyaɗa da yaji, sannan ya hau raga minti 10. In aka ɗora shi ɗanye yajin zai ƙone tun cikinsa bai nuna ba. Kabewa da karas haka. Albasa na yanka fala-fala da kauri na soke da tsinke domin kada ta warware. Gauta da kuɓewa gishiri yana sa su zubar da ruwa da wuri, sai an zo ɗorawa ake barbaɗa musu. Masara kuwa na gasa ta yadda aka saba, da ta nuna na shafa mai na barbaɗa yajin, na mayar da ita wuta rabin minti kawai.

Da na sauke naman na bar shi minti bakwai a kan katako, ban rufe shi ruf ba, domin tururi yana jiƙa ɓawo ya saɓule. Na yanka a karkace, ta yadda wuƙa ke datse zaren naman. Bayansa ya yi duhu yana ɗan ƙaras a haƙori, cikinsa da ruwa. Na matsa lemun tsami na zuba ɗanyar albasa da tumatir, tsamin yana wanke ɗan ɗacin da ya rage a harshe. Ba a barbaɗa wannan yaji ɗanye a kan dafaffen nama kamar yadda ake yi da yajin tsire, ɗanyen garin gahawa ba shi da daɗin tauna. Game da hana barci kuwa, sinadarin kafin ba ya ƙonewa a wutar gashi, yana nan. Amma gahawar da ke kilo ɗaya na nama ba ta kai giram 6 ba, wanda ya ci rubu'in kilo bai sha ko kwatan abin da ke cikin kofi ɗaya ba.

Ragowar yajin na zuba a busasshiyar kwalba mai murfi mai kamawa, na ajiye nesa da murhu da hasken rana. Niƙaƙƙiyar gahawa ƙamshinta ba ya jimawa, saboda haka ba na haɗa abin da zai wuce wata ɗaya. Da hunturu yana zama warwas. Da damina gishiri da mazarƙwaila suna jan danshi, sai in haɗa sauran kayan in bar mazarƙwailar a gefe, ranar gashi in auna rabonta in zuba: ƙaramin cokali ɗaya da rabi a kan kowane kilo na nama.